A kulle asusu kafin a taɓa kuɗin ciki

A watan Maris na 2014 kamfanin Flexcoin na Kanada ya rufe, bayan wani ɓarawo ya kwashe masa bitcoin 896. Dubban umarnin tura kuɗi ya aika a lokaci guda, kowanne ya duba asusu ya tarar da kuɗi tun na gabansa bai rage komai ba. Maganin kuwa sananne ne: a kulle layin asusun a rumbun bayanai, na baya ya jira. Masu rubuta manhaja kan koka cewa kulle na jawo jinkiri, har ciniki biyu su cije, kowanne na jiran ɗan'uwansa. Haka ne, amma in ana kulle kowane asusu bi da bi bisa lambarsa, cijewar ta kau. Jinkirin kuma a jure shi kawai, tunda kuɗin jama'a ake riƙewa.