Masu fodkas ɗin Hausa, LinkedIn kasuwar 'yan sari ce

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, a daure a kai ƙarshe, musamman ƙannenmu da suka shiga harkar fodkas, wato shirin hira ko tattaunawa da ake ɗorawa a intanet, mutum ya saurara a lokacin da ya ga dama.

Harkar ta yi kasuwa a Arewa yanzu, kuma wallahi abin farin ciki ne. Dama mu mutanen rediyo ne. Tun 1957 BBC ke magana da mu da Hausa, iyayenmu da rediyo a rataye suke tafiya gona da kasuwa. Jaridar Aminiya na da Najeriya A Yau da Daga Laraba, Hadiza Gabon kuma ta nuna cewa shirin hira da Hausa na iya tara jama'a a YouTube. Kunnen Bahaushe a shirye yake.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗorewa. Yaro ya ci bashi ya sayi makirfo da fitila, ya yi kashi takwas ko goma masu kyau, sai ka ji tsit. In ka tambaya, amsar ba ta wuce kuɗi: hayar situdiyo, ladan mai tace sauti, man janareta, ga data da ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Tafi da "Allah Ya ƙara basira" suna da daɗi, amma ba sa sayen fetur.

To a nan ne maganar LinkedIn ta shigo, kuma a nan ne nake ganin yawancinmu muna dukan gefe.

Ga wanda bai san shi ba, LinkedIn dandali ne na ma'aikata da kamfanoni. An buɗe shi a 2003, Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 masu rajista a cikinsa suka haura biliyan 1. Kowa a can da sunansa na gaskiya, da wurin aikinsa, da muƙaminsa yake yawo. Shi kansa kamfanin ya san darajar fodkas, tunda a 2022 ya kafa rukunin fodkas nasa na shirye-shiryen aiki da sana'a.

Me 'yan uwanmu ke yi a can? Su kwaso likau daga Spotify ko YouTube, su liƙa, su rubuta "sabon kashi ya fito, ku saurara ku yaɗa". Mutum uku su danna alamar so, biyu daga ciki abokan makarantarsu ne. Bayan wata guda sai su ce ai LinkedIn ba ya aiki.

Ɗan uwa, ka taɓa ganin an kai tallan gyaɗa gwangwani-gwangwani Dawanau? Dawanau wurin buhu da tirela ne. Masu sauraronka, direban da ke kan hanyar Legas, matar aure da ke girki, ɗalibin da ke ɗakin kwana, suna WhatsApp da Facebook da TikTok da YouTube. Can za ka bi su. Wanda ke LinkedIn shi ne jami'in talla na banki, da ma'aikaciyar sashen yaɗa labarai ta ƙungiyar agaji, da mai kamfanin taki ko na sola, da likita ko lauya ko injiniyan da kake mafarkin ya zo shirinka. Mutum ɗaya daga cikinsu zai iya ɗaukar nauyin shirinka na wata shida. Da wuya ya zauna ya ji hirar awa guda. Abin da yake son sani cikin minti ɗaya shi ne: wane ne kai, su wa ke jin ka, kuma za a iya dogara da kai?

In ka gane wannan, salon tallan gaba ɗaya sai ya canza.

Na farko, gyara shafinka. Hoto na mutunci, sunanka na gaskiya, sannan layin da ke ƙasan suna ya faɗi abin da kake yi dalla-dalla: mai gabatar da shirin Hausa na mako-mako kan noma da kasuwancin amfanin gona, misali. Masu rubuta taken sarauta da kirari a wurin nan, ku bari sai an koma Facebook.

Na biyu, ka ba da ilimin a nan take. Kowane dandali so yake mutane su zauna a cikinsa, kuma shi ma mai karatu ba ya son a tura shi wani wuri kafin ya ga amfani. LinkedIn ya ba ka damar rubuta haruffa har 3,000 a rubutu ɗaya, amma layukan farko kaɗai ake gani kafin mutum ya danna ya buɗe sauran, don haka kar ka ɓata su da gaisuwa. Mu ɗauka ka yi hira da wani manomin tumatir na Kadawa kan tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016. Fara da maganar da ta fi nauyi a bakin manomin. Jero abubuwa uku da ka koya daga gare shi. Haɗa da yankin bidiyo na minti ɗaya. Sai a ƙarshe ka ce ga cikakken shirin. Wanda ke aiki a kamfanin maganin ƙwari ko na sarrafa tumatir, in ya ci karo da wannan, tsayawa zai yi. Ya ga mutumin da manoma ke buɗe wa ciki, abin da shi daga ofishinsa na Abuja ko Legas bai samu ba.

Na uku, baƙonka shi ne babbar hanyarka. In ka yi hira da ƙwararre, tura masa guntun bidiyon da hotonsa mai kyau, ka roƙe shi ya ɗora a shafinsa. Abokan aikinsa sun fi yarda da shi a kanka. Amma don Allah a daina jero sunayen manyan mutane ashirin da ba su san ka ba a ƙasan rubutu. Wannan ba shi da maraba da buga ƙofar mutum da tsakar dare.

Na huɗu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka da saƙonka na farko ga mutum ya zama "ranka ya daɗe muna neman ɗaukar nauyi". Bi shafinsa, karanta abin da yake rubutawa, yi sharhi mai ma'ana, gayyace shi shiri. Ranar da za ka kawo maganar kuɗi, ya kasance ya riga ya san sunanka da aikinka.

Sai maganar harshe, wadda na san za mu yi musu a kanta. Facebook ya saka Hausa cikin harsunansa tun 2016, amma LinkedIn Turanci ne ke mulki a ɓangarenmu. Wasu sai suka ga mafita ita ce su mayar da shirin nasu Turanci don su burge masu kuɗi. A ganina wannan asara ce babba. Masu fodkas da Turanci sun yi yawa, kuma akwai waɗanda suka fi ka kayan aiki nesa ba kusa ba. Abin da kake da shi wanda ba su da shi shi ne Hausar nan, da miliyoyin masu jin ta daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram, har zangon Kumasi da Sudan. Ita ce hajarka. Bar shirin da Hausa, sa fassarar Turanci a rubuce a ƙasan guntun bidiyon, yi bayanin da harsuna biyu. In Turancinka bai nuna ba, nemi wanda zai duba maka, babu kunya a ciki.

Na san wani zai ce LinkedIn dandalin 'yan boko ne da fankama, kowa na "farin cikin sanar da" sabon muƙami. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, fankamar tana da yawa. Sai dai masu sa hannu a kan kasafin talla a can suke, ko muna so ko ba ma so. Kuma fankamar ce ma ke sa mai abin faɗa na gaske ya yi fice da wuri. Wani kuma zai ce ai shirina na barkwanci ne ko na hirar 'yan fim. To gaskiya kai ba sai ka wahalar da kanka sosai ba, Instagram da TikTok sun fi maka. Maganata ta fi shafar masu shirin noma, lafiya, kasuwanci, fasaha, shari'a da ilimi.

Gargaɗi biyu kafin in rufe. Kar ka ƙara gishiri a alƙaluman masu sauraro. YouTube da Spotify duk suna nuna wa mai shiri adadin masu saurare da ƙasashen da suke, kuma kamfanin da ya san aikinsa zai ce ka nuna masa. Mutum 500 masu dawowa duk mako, waɗanda ka san sana'arsu da garuruwansu, sun fi dubu 50 na ƙarya daraja, kuma ranar da aka kama ka, labarin zai zaga ofisoshi. Na biyu, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafin ka karɓi kuɗin kowa, tambayi kanka ko za ka iya tallata kayansa ga mahaifiyarka. Manhajar bashi mai ci da wuta, da caca, da maganin da ba shi da rajistar NAFDAC, duk suna neman murya mai Hausa da jama'a suka yarda da ita. In ka sayar da amanar masu sauraronka sau ɗaya, ba ka da abin kai wa kasuwa gobe. Kuma duk abin da aka biya ka a kai, ka faɗa wa jama'a talla ne.

Masu fodkas da ke cikinmu, ku faɗa mana a ƙasa: wa ya taɓa samun baƙo ko mai ɗaukar nauyi ta LinkedIn, kuma ta yaya? In kana da ƙani ko ƙanwa da ke wannan harka, tura masa ya karanta.

Allah Ya sa wa nema albarka, Ya ba matasanmu sana'ar da za ta riƙe su.