In Ɗan Wasa Ya Ƙetare Iyaka, Wa Ke Da Shi?

Akwai wani wasa da ya shiga ran samarinmu, wanda ba a yin gumi a cikinsa amma ana shan gardama. Duk mai zama a gidajen kallon ƙwallo na Makama cikin Yola, ko na Jimeta, ba zai rasa jin labarinsa ba. Sunansa Fantasy Premier League, an kuwa fara shi a 2002. Mutum zai zaɓi 'yan wasa 15 daga gasar Firimiya ta Ingila da kuɗin wasa fam miliyan 100, sa'an nan duk abin kirkin da suka yi a fili sai ya zame masa maki. A 2017 aka ƙara wani reshe wanda ba a tarayya a kan ɗan wasa. Wanda ya riga ɗauka, nasa ne. Daga nan ne wasu abokai kan ƙulla alkawari tsakaninsu, cewa kowa yana iya riƙe mutum biyu ko uku daga bara zuwa bana.

To, a nan gizo ke saƙa. Harry Kane ya ci wa Tottenham ƙwallo 30 a gasar 2022/23, saboda haka duk wanda ke da shi lalle shi zai fara riƙewa. Ran 12 ga Agusta 2023, kwana ɗaya bayan buɗe sabuwar gasa, sai ya koma Bayern Munich ta Jamus, inda ƙwallayensa ba su da maki a wannan wasa. Shin wanda ya riƙe shi ya yi asara ke nan, ko kuwa a ba shi wani a madadinsa? In kuma wata rana ya dawo Ingila, na mai shi na farko ne, ko na kowa?

Wannan rigima ta girmi samarinmu. Tushen wasan a Amurka yake, inda wani marubuci, Daniel Okrent, da abokansa suka tsara shi a birnin New York a 1980, bisa wasan besbol, watau ƙwallon da ake bugawa da sanda. Manyan kulob na can sun kasu gida biyu, American da National, masu wasan kuwa da yawa a gida ɗaya kaɗai suke zaɓe. Ran 31 ga Yuli 1997 kulob ɗin Oakland na gidan American ya miƙa Mark McGwire ga St. Louis na gidan National. Shekarar da ta biyo baya ya yi bugun fitar da ƙwallo daga fili har sau 70, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan, masu shi na da kuwa suna kallo. Irin wannan ne ya sa suka fito da hanyoyi: wasu su ce a ci gaba da ƙirga wa mai shi maki har ƙarshen shekara amma ba zai riƙe shi baɗi ba, wasu su ce a mayar masa da kuɗin wasan da ya kashe ya nemi wani.

A ganina kowace hanya aka bi daidai ne, muddin an rubuta ta kafin a busa usur na farko, kowa ya amince. Dokar da aka yi bayan ɗan wasa ya tafi, kowa ya riga ya san wanda za ta yi wa daɗi, don haka ba ta raba gardama. Tun ran gini, ran zane.

Dalilin da ya sa na jawo wannan zance kuwa shi ne, a filin gaske ma haka abin yake, sai dai can kuɗin ba na wasa ba ne. Bayan hukuncin Bosman na Disamba 1995, wanda ya ba ɗan wasa damar tafiya kyauta in kwantiraginsa ya ƙare, hukumar FIFA ta fito da sabuwar doka a 2001. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka rene shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kwata na kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kuwa rabin kashi ɗaya.

Mu ɗauki Ahmed Musa, wanda ya taso a Jos, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a gasar 2009/10, ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, daga can sai CSKA ta Mosko a 2012. Da Leicester ta saye shi a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16, rabon masu reno bisa doka ya kai wajen fam 800,000. Ƙaramin kulob da ya riƙe irin wannan yaro daga shekara 12 zuwa 15, kashi ɗaya cikin ɗari ne nasa, watau fam 160,000. Ƙwallo nawa da riguna nawa wannan zai saya wa yaran unguwa?

Amma fa akwai sharaɗi. Ba a biya sai kulob yana da rajista da hukumar ƙwallo, sunan yaron kuma yana rubuce a ƙarƙashinsa, da shekarar da ya shiga da wadda ya fita. Tun Nuwamba 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris mai karɓar waɗannan kuɗi ya rarraba, takarda kuwa yake dubawa. Kocin da ya yi shekara huɗu yana saya wa yaro takalmi daga aljihunsa, in bai rubuta ba, sai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka ina kira ga masu kulob na unguwa a Makama da Jimeta, su je hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Adamawa su yi rajista, su rubuta kowane yaro da ainihin ranar haihuwarsa, da sanin iyayensa. In kuwa Adamawa United ko wani babban kulob ya zo neman yaro, a yi takarda da shaidu kafin ya sa rigarsu. Su kuma samarin gidan kallo, su zauna tun watan Yuli su rubuta nasu sharaɗi, kada maki ya raba abokai.