A Bar Ɗalibi Ya Hau Tsani

Gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda Steven Ehrlich ya tsara a shekarun 1970, ginin ƙasa ne mai fili a tsakiya. Irin wannan wuri kan tona asirin ɗalibin da ya haddace darasin haske a takarda kawai. Sai ya hau tsani da kansa, ya karkata fitila, ya ga inuwa ta cinye rabin fuskar ɗan wasa, sannan bayanin malam zai zauna masa. Haka sauti, haka kafa dandamali. Ni dai da za a bi tawa, rabin makin wannan fanni a bayan fage za a riƙa ba da shi, musamman a duk daren da aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa.