An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, sai gari ya ɗauka da magana guda: wai yaran yanzu ba sa son karatu. Wani ya ce waya ce, wani ya ce fim, wani ya ce lalaci ne tsantsa. Uba ya dubi ɗansa ya kira shi daƙiƙi, malami ya ce ai kansa ba ya ja. Wannan magana zalunci ce, kuma ya kamata mu ji kunyar furta ta. Kafin ka zagi yaro, tashi ka je ka leƙa ajin da ka tura shi.

Ɗaki ne ba ƙofa ba taga, iska ta yaye rabin kwanon tun damunar bara. Yara zaune a ƙasa, mai gata a kan buhu, wani a kan takalminsa, littafi bisa cinya. Da hunturu sanyi da ƙura, da bazara zafi, hadari kuwa yana tasowa sai a tashe su. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a manyan garuruwanmu aji mai yara ɗari ko fiye ya daina ba kowa mamaki. Malamin da aka tara wa yara ɗari ba zai duba littafin kowa ba, sunayensu ma ba zai riƙe ba. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗa su amsa. Na gaba ya ji, na tsakiya ya bi baki, na baya yana wasa da ƙasa. Yaron da idonsa ba ya hangen allo ko kunnensa ba ya ji sosai, har ya gama aji shida ba wanda zai gane ciwonsa. Haka za a yi ta tura shi gaba bai iya haɗa baƙi ba, sannan a ajiye masa takardar jarrabawa da Turanci a ce ya amsa. Ta ina zai amsa?

Ba ƙage ake yi wa kowa ba. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano, kuma da bakinsa ya ce miliyoyin yara a ƙasa suke ɗaukar darasi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ba malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa cin makin da aka gindaya, aka kore su. An yi ta cacar baki a kan korarsu, amma tambayar da ta fi muhimmanci ba a tsaya a kanta ba: wa ya ɗauke su aiki tun farko? Kowa ya san yadda aikin koyarwa ya zama abin da ɗan siyasa ke sallamar yaransa da shi. Malamin kirki kuma, wanda ya san aikinsa, an bar shi da albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, har sai ya haɗa da acaɓa ko tireda.

Kada kowa ya fake da rashin kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata kason, sannan ta karɓi na tarayya. Shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance a hukumar ilimin bai-ɗaya, wato UBEC, saboda jihohi sun ƙi kawo nasu. Gwamnan da ya iya samo kuɗin gadar sama da jerin motocin alfarma, ƙarya yake yi idan ya ce ya rasa na benci.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta da alaƙa da kasafin kuɗi, wannan kuwa a wuyan malamai da iyaye take. Ina nufin bulala da gori. Yaro ya yi kuskure a zane shi, ya yi tambaya a ce ya cika surutu, ya yi Hausa a aji monita ya rubuta sunansa, a sa 'yan aji su yi masa ihu. Yaron da aka tozarta sau biyu a gaban 'yan'uwansa ya gama ɗaga hannu ke nan. Zai koyi yin shiru, ya koyi satar amsa, domin abin da yake nema ya tsira da fatarsa ne. Uba kuma shi ne mai kai shi yana cewa malam a ba shi kashi, ko sau ɗaya bai taɓa buɗe jakar yaron ya ga me aka rubuta ba. Tarbiyya daban, tsoro daban. Ga yarinyar da ta fara girma a makarantar da ba bandaki ba ruwa, duk wata sai ta yi kwanaki a gida, a ƙarshe a ce ita ce ba ta son boko. Ga yaran karkara da suka ji labarin sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, ana so su zauna hankali kwance a makarantar da ko katanga babu.

Amma waɗanda laifinsu ya fi ci mini rai su ne 'yan bokonmu. Abubakar Tafawa Balewa daga ƙauye ya fito, ba ɗan sarki ba ne, Kwalejin Katsina ce ta ba shi malamai da littafi da wurin kwana har ya zama firaministan Najeriya. Manyan ma'aikatanmu na yau, da yawansu a makarantar gwamnati suka yi karatu kyauta, aka ciyar da su, aka ba su sabulu da kuɗin mota. Da suka samu wuri sai suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, suka bar ta gwamnati ga ɗan mai faci da ɗan mai ruwa, waɗanda ba su da bakin da za a ji. Ranar da ɗan babban sakatare ya bar ajin, ranar aka daina gyara rufin. Yanzu su ne ke zama a taro suna kukan ilimi ya lalace a Arewa, kamar wani ne ya zo daga waje ya lalata shi.

Kowace makarantar gwamnati an ce ta kafa kwamitin al'umma mai sa ido a kanta, wanda ya haɗa iyaye da mai unguwa da tsofaffin ɗalibai. A wurare da yawa sunansa kawai ke cikin fayil, ko zama ba ya yi. Ku tsofaffin ɗalibai da kuke kama zauren otal kuna walimar tuna baya, ku mayar da taron cikin ajin da kuka zauna, ku ƙirga yaran, ku ƙirga bencin, ku shiga bandakin. Sannan ku ɗauki lissafin ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku, ku tambaye su ko jiharku ta biya kasonta na UBEC na bana, in kuma ta biya, a wace makaranta aka kashe.