SHARHI: Wa ya fi shiga uku idan annoba ta zo? Tambayar da korona ta bar wa Najeriya

A daren 30 ga Maris, 2020, dokar kulle ta fara aiki a Legas da Abuja, kuma kafin ƙarshen Afrilu Ogun da Kano ma sun bi sahu. Nan take gwamnati ta fuskanci tambayar da ba ta da amsarta a hannu: cikin mutanen da aka ce su zauna a gida, su wane ne za su kwana da yunwa?

Abin da ke hannunta a lokacin shi ne rajistar talakawa ta ƙasa, mai ɗauke da gidaje kimanin miliyan 2.6. A jawabinsa na 13 ga Afrilu, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin a ƙara miliyan ɗaya. A ƙasar da ake ƙiyasin yawan jama'arta ya kai miliyan 200, wannan bai taka kara ya karya ba.

Amma ƙarancin sunaye ba shi ne babbar matsalar ba. An gina rajistar ce domin gano masu fama da talauci na dindindin. Ana fara zaɓen ƙananan hukumomin da suka fi talauci, sai mutanen gari su ambaci gidajen da suka fi kowa rashi, sannan ma'aikata su bi su tantance. Wannan tsari ya fi karkata zuwa karkara.

Ita kuwa kulle ta fi dukan mazauna birni: mai Keke Napep, ɗan dako a Kantin Kwari, mai shayi, matar da ke suyar ƙosai a bakin titi. Kafin korona ba lallai a kira su matalauta na ƙarshe ba, suna samun na cefane. Sai dai abin da suka samo da rana shi suke ci da dare. Manomin da ke da hatsi a rumbu zai iya jure kullen mako biyu fiye da su, ko da kuwa ya fi su rashin kuɗi.

Ke nan talauci daban, rauni a lokacin annoba daban.

A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC tana da ma'auni na musamman kan wannan. Tana ɗaukar alƙaluman ƙidaya ta duba kowace unguwa: yawan marasa aikin yi, tsofaffi da naƙasassu, gidajen da mutane suka cunkushe, waɗanda ba su da mota, da waɗanda ba sa jin Turanci sosai. Sai a jera unguwanni daga mafi rauni zuwa mafi ƙarfi. Jihohi da dama sun dogara da shi wajen tsara rabon allurar rigakafi.

Kwaikwayon hakan a nan zai yi wuya, domin rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Unguwanni da yawa a gefen Kano da Kaduna gonaki ne a wancan lokacin. Kuma ma'aunin namu dole ya tambayi wasu abubuwa daban: mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya, akwai ruwan wanke hannu ko sai an saya wurin 'yan garuwa, wace tazara ce zuwa asibiti. Almajiran da jihohi suka yi ta mayar wa juna a manyan motoci, aka kuma samu cutar a jikin wasunsu, ba sa cikin lissafin gidan kowa a garuruwan da suke karatu.

Togo ta bi wata hanya. A shirinta na Novissi ta tura kuɗi ta wayar salula, daga baya ta yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan kiran waya wajen gano yankuna da mutanen da suka fi buƙata. Najeriya ta ƙaddamar da irin wannan rajistar gaggawa ga talakawan birni a Janairun 2021, wata tara da 'yan kai bayan kullen farko. Ita ma hanyar tana da giɓi: matar da ba ta da waya tata ta kanta ba za ta fito a lissafi ba.

Rashin sanin wa za a ba yana da tsada. A Oktoban 2020 jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a jihohi da dama, suka tarar da abinci jibge watanni bayan kulle. A Yulin 2023 kuma Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta ce ba ta amince da sahihancin rajistar ba, ta nemi jihohi su yi tasu. A ganina wannan ma ba mafita ba ce, idan aka yi la'akari da yadda jerin sunaye ke komawa hannun 'yan jam'iyya.

Akwai dai abin farawa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na Nuwamban 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma ya duba lafiya, ilimi, ruwa da muhalli. Sai dai alƙaluman sun tsaya a matakin mazaɓar sanata, alhali mai rabon abinci a ranar kulle unguwa da gunduma yake buƙatar sani.