Zaton da ke ɓoye cikin tambayoyin jarrabawa

Duk shekara, idan sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, sai mu ɗora laifin faɗuwar yaranmu a kan raunin Turanci. A nawa ganin, akwai wani ciwon da ya fi wannan zurfi, wato kasa gano abin da mai magana ya ɗauka a ransa, ya gina hujjarsa a kai, amma bai furta ba. Irin wannan tambaya tana jiran ɗalibi a sashen auna fahimta, tana jiransa a jarrabawar ɗaukar aikin banki, haka nan a GMAT da LSAT ga mai neman karatu a Amurka. Hasali ma, tun watan Agustan 2024 masu shirya LSAT suka mayar da sashen auna hujja guda biyu cikin sassa ukun da ake ba wa maki.

Bari in kawo misali daga kasuwarmu. A ce an rubuta: "Farashin albasa ya faɗi a Sakkwato, saboda haka manoman Goronyo da Wurno sun samu yabanya mai kyau." Sai a tambayi ɗalibi: wane zato wannan magana ta dogara a kai? Mai gaggawa zai zaɓi amsar da ta maimaita batun yabanya. Amma jigon da ba a faɗa ba shi ne cewa masu saye ba su ragu ba. Hanyar gwaji kuwa mai sauƙi ce: ka kore zaton, ka ga ko hujjar za ta tsaya. Idan masu saye sun ragu, kamar yadda kan faru in an rufe iyakar Illela irin na 2019 da na 2023, farashi na iya faɗuwa ko da albasar ba ta ƙaru ba. Hujja ta rushe ke nan, zaton kuwa ya tabbata shi ne ginshiƙinta.

Abin takaicin shi ne, wannan fasaha ba baƙuwa ba ce gare mu. Bahaushen da aka tambaya, "Yaushe ka daina shan taba?" ya san an riga an yanke masa hukuncin cewa yana sha. Mutanen da ke gane habaici da gugar zana a zaure ba za a ce ba su iya karanta abin da ke bayan magana ba. Ta fuskar ilimi ma, malamanmu sun daɗe da sanin manɗiƙi. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a fannin, har ya kāre shi a musayar da ya yi da Imam Suyuɗi. To, ina muka yar da wannan gado?

Mun yar da shi ne a ajin da ake haddace amsoshin tambayoyin shekarun baya, inda yaron da ya ce "don me?" ake masa kallon marar kunya. Hadda ba ta da amfani ranar da aka sauya albasa da shinkafa.

Saboda haka ina kira ga malaman sakandare da su ware ko da rabin awa a mako, su kawo magana daga rediyo ko jarida, su sa yara su tono zatonta da Hausa tukuna, sannan su koma Turanci. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari su kuma su tabbatar malaman da suke yayewa sun iya wannan. Ribar ba ta tsaya ga maki ba: yaron da ya saba tambayar abin da ba a faɗa ba, da wuya ɗan siyasa ko ɗan damfara ya sayar masa da biri a sama. Allah Ya sa mu dace.