Kafin a raba jesi, a kare mana fili

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dambatta, Makoɗa, Bichi ko Kunci ya san wasa a wajenmu bayan noma yake bi. Daga saukar ruwan shuka har a cire gyaɗa, da wuya ka ga saurayi a fili sai ɗan abin da ba a rasa ba bayan la'asar, shi ma a gajiye, hannu duk kanta. Amma da an yanke gero, dawa ta shiga rumbu, an kwashe kara, an ɗora harawa a kan bishiya, sai gari ya buɗe. Yara su nemi gonar dattijon da ba shi da faɗa, su tone tushiya, su baje kunya da fartanya, su kafa sanda biyu nan, biyu can. Fili ya samu ke nan. Ranar da mai gona ya fara kai taki a amalanke, ranar ake tuge raga, ba tare da kowa ya yi fushi ba.

Aro ne, kuma aron yana neman ƙarewa. Mu ba mu da daji. Tun a shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar da ta kewaye Kano, ya nuna cewa kusan kowace gona ana nome ta duk shekara ba hutu, taki ne kawai yake riƙe da ita. Daga lokacin zuwa yau jama'a sun ninka, ƙasa kuwa tana nan yadda Allah ya shimfiɗa ta. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki sun raba shi tsito-tsito. Rani ma ya daina sakin ƙasa kamar da: a gefen dam ɗin Thomas da na Watari tumatir ne da albasa da shinkafa, gonar bakin titi kuma an yanka ta fuloti. Ban ga laifin manomi ba ko kaɗan. Wanda yake neman abin da iyali za su ci ba za a ce ya bar gonarsa saboda tamaula ba.

Abin da ya rage mana shi ne filin makarantar firamare, shi ɗin ma ana cin sa ta gefe. Na san wata makaranta da aka jera shaguna a bakin filinta, aka dasa sabon aji a daidai inda mai tsaron gida yake tsayawa, alhali ga wuri a bayan ofishin hedimasta. Na san wata da aka nome rabin filinta, aka ce na wucin gadi ne, har yau ana nomawa. Babu wanda ya yi taro ya ce a hana yara wasa. Kowa ɗan taku biyar ya ɗiba, sai aka wayi gari babu wurin da mutum ashirin da biyu za su yi gudu.

Ni mai son Kano Pillars ne tun ina sauraron wasa a rediyo a gindin ɗorawa, kuma har gobe in aka ce "Sai Masu Gida" zuciyata takan motsa. An kafa ƙungiyar a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Amma shekarar da ba za ta bar ni ba ita ce 2009, da muka yi biyu da biyu da Al Ahly a Alƙahira muka fitar da su daga kofin zakarun Afirka, muka je har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tare mu. A kakar da ta biyo baya Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a rigar Pillars, daga nan ya wuce Holan, har ya kai ga ci biyu a ragar Ajantina a gasar duniya ta 2014. Mun sha ɗacin faɗawa rukuni na biyu a 2022, muka dawo a 2023. Duk wannan tarihi a kan ƙafar yaran da suka samu wurin buga ƙwallo tun suna ƙanana aka gina shi. Rabi'u Ali na Pillars da ake kira Pele bai koyi bugun tazara a gidan kallo ba.

Na ambaci gidan kallo, to bari in tsaya a kansa kaɗan. Yanzu a ƙauyen da ba a taɓa kai wuta ba za ka tarar da rumfar kwano, janareto na ruri, samari sun cika benci suna gardamar Arsenal da Madrid, kowa ya haddace sunayen 'yan wasa har da na benci. Ba na cikin masu zagin wannan. Wanda ya yini yana tura ruwa ko yana haya da babur yana da haƙƙin ya huta. Abin da yake damuna shi ne yaron da ya kalli abin sha'awa da dare, ya tashi da safe ƙafarsa na ƙaiƙayi, ya rasa inda zai gwada.

Kuma mun ga abin da fili yake yi. Da Sanata Barau Jibrin ya kafa Barau FC a 2024, ƙungiyar ta riƙa karɓar baƙinta a filin wasa na Dambatta, mutanen ƙauyuka suka riƙa zuwa a babur da keke, mai rake da mai ƙosai suka yi ciniki. A 2025 ta haura babbar gasa, wasanninta suka koma filin Sani Abacha a Ƙofar Mata. Na yi mata murna, amma na ji kewar waɗannan yammacin da babban wasa ya zo mana har gida.

Ba ƙwallo kaɗai rashin wuri ya taɓa ba. Da kaka ne rundawa suke yawon dambe gari-gari, a buga kalangu, a ɗaura zare, a yi turmi uku, in an yi kisa fili ya kaure. Yau mai son ya ga damben Kudu da Arewa da Guramaɗa sai ya shiga mota zuwa dandalin Ado Bayero a Sabon Gari, ko ya kalla a waya. Kokawa ta ja baya a wajenmu, alhali maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar takobi ta ƙasa, har ƙaramin yaro a Maraɗi ya san sunan Issaka Issaka na Dosso. Langa kuwa, da ba ta buƙatar ko sisi sai farin wata da ƙasa mai laushi, tana cikin wasannin gargajiya da ake yi a bikin wasanni na ƙasa, amma ka tambayi ɗan shekara goma a garinku yaushe rabonsa da ita. Dandalin da 'yan mata suke gaɗa ma a garuruwa da yawa gida ne yanzu.

Kakar zaɓe tana zuwa, za a zo da jesi da ƙwallo da kofi mai hoton ɗan takara. Ku karɓa, samari, ba laifi. Amma ku roƙi abin da ba ya yagewa. Shugabannin ƙananan hukumomi 13 na Kano ta Arewa, da hukumar ilimin firamare ta jiha, su sa a auna filin kowace makaranta, a rubuta iyakarsa a takarda, a kafa dutse a kusurwa huɗu, a zagaye shi da darbejiya. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, ranku ya daɗe, ku ne shaidar kowane ciniki na ƙasa a garuruwanmu, babu fulotin da ake yankawa ba da saninku ba. Duk wanda ya zo da takardar da ta shiga filin makaranta, don Allah ku ƙi sa mata hannu.